Minti takwas ɗin Malam Kefla

Linz, daren Asabar

Dogo mutumina, salamu alaikum.

Na san abin da za ka fara cewa, "au ashe kana raye." Ina raye wallahi, sanyi ne kawai yake neman ya ga bayana. Ya gida, ya Hajiya da ƙafar tata? Ya yaran makaranta, har yanzu suna kiranka da sunan nan ko sun gaji? Saƙonninka duk na gani, har da muryar nan ta minti tara da ka turo ranar Sallah kana cewa na zama Bature na manta da mutane, sau biyu na saurara ina ta dariya ni kaɗai a cikin tiram wata tsohuwa tana ta harara ta kamar ta ga sabon kamu. Laifina ne na karɓa, wata biyar shiru ba daɗi. Amma ka san halina tun muna aji uku, in abu ya tsaya min a wuya ba na iya magana da kowa, kuma abu ya tsaya min. Maganar motar da ka tambaya zan zo kanta, bari dai na fara sauke wannan.

Ka tuna aikin da na ce maka ina yi na lissafin yadda ruwa ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, da awon rijiyoyin burtsatse 60 ɗin nan da ka taya ni bin wasu daga ciki a babur ɗinka har taya ta fashe mana a hanya? Toh wata 14 ina gina abin nan a kwamfuta, ya fito tsaf, supabaizata har ta ce yayi kyau, kuma matar nan in ta ce abu yayi kyau ka je ka yi sadaka. Rijiya 53 lissafina ya faɗa daidai da awo. Bakwai sun ƙi. Ba wani ƙi mai yawa ba fa, ɗan kaɗan ne, amma duk bakwai ɗin gefe ɗaya suka karkata kuma duk a yanki ɗaya suke, kai malamin lissafi ne ba sai na faɗa maka me wannan yake nufi ba. Da kuskuren awo ne da wasu sun yi sama wasu sun yi ƙasa. Wata uku kenan ina sane da su, na shafa musu launin toka a cikin teburin na rubuta "a sake dubawa" a gefe, kullum in na buɗe sai in yi sauri in gangara ƙasa kamar mai bin layin da ake binsa bashi. Kuma Dogo ba zan ɓoye maka ba, akwai daren da na zaɓe su duka bakwai ɗin yatsana yana kan maɓallin gogewa. Wa zai sani? Ni na auno su. In na ce rijiyoyin sun lalace ne shikenan an wuce wurin.

Abin da ya hana ni barci kuma wani mutum ne da ya mutu tun 1630. Kar ka yi dariya. Garin nan ba inda za ka juya ba ka ci karo da sunan Johannes Kepler ba, jami'ar sunansa take ci, babban asibitin ma haka, a tsohon gari akwai gidan da ya taɓa zama a wani lungu kusa da babban dandali, ina wucewa ta nan in zan je sayen nama wajen Baturke. Ni dai Malam Kefla nake ce masa. Da can abin da na sani a kansa dokoki ukun nan ne na tafiyar duniyoyi kewaye da rana da Malam mai carbi ya sa mu haddace ba tare da mun san me muke faɗa ba, ka tuna ranar da ka ce masa doka ta huɗu ita ce kar a makara? Har yau in na tuna ƙarar bulalar nan sai bayana ya amsa. Toh wani dare da na kasa aiki na ɗauko tarihinsa a laburare don in kashe lokaci, ashe kaina na ɗauko wa magana.

An haife shi 27 ga Disamba 1571 a wani ƙaramin gari Weil der Stadt a kudancin Jamus, bakwaini ne ma, ga ciwon agana da ya kama shi yana yaro ya lalata masa ido. Ka ji fa, mai ilmin taurari da ba ya gani sosai. Uban sojan haya ne, duk wanda ya biya shi yake yi wa yaƙi, wata rana ya fita bai sake dawowa ba. Uwar ce ta kama hannunsa ta kai shi kan tudu ya ga tauraruwa mai wutsiya ta 1577. Shi malamin coci ya so zama, yana karatun a Tubingen aka ce ga gurbin malamin lissafi a Graz tafi, ya tafi 1594 ba don yana so ba. Kuma ajinsa ɗalibai guduwa suka dinga yi, shekara ta biyu ba kowa, saboda in ya fara bayani sai wani tunani ya faɗo masa ya bi shi ya manta da yara. Ban kira suna ba. Albashin bai isa ba sai ya haɗa da rubuta kalanda mai hasashen shekara da yi wa manya duba da taurari, shi da bakinsa ya kwatanta duban nan da 'yar banzar 'ya wadda ita ke ciyar da uwarta mai mutunci, wato ilmin falaki na gaskiya, don in ba ita ba uwar da yunwa za ta kwana. Wannan ya tuna min da lesin ɗin da muke yi wa 'ya'yan masu kuɗi da yamma.

Shekarar 1600 aka ce duk wanda ba zai koma Katolika ba ya bar Graz, shi kuma ɗan ɗariƙar Luta ne ya ce ba zai canza ba, ya kwashi iyali sai Prague wajen Tycho Brahe. Shi wannan Taiko labarinsa daban ne, basarake ne ɗan Denmak mai kuɗi da faɗin rai, an sare masa hanci a faɗan takobi yana ɗalibi ya koma manna na ƙarfe. Amma wajen awon sama ba a taɓa yin kamarsa ba kafin zuwan madubin hangen nesa, shekara 20 yana tsibirin Hven da manyan na'urori na katako da tagulla yana auna inda kowace tauraruwa take dare bayan dare da ido zalla. Yana da awo ba shi da kan da zai warware shi, Kefla yana da kai ba shi da ido, kuma Taiko ya san haka shi ya sa yake ɗan gutsura masa lambobin kaɗan kaɗan kamar mai raba naman Sallah a gidan yawa. Suka yi ta faɗa suna shiryawa. Oktoba 1601 Taiko ya je walima ya riƙe fitsari don kunyar tashi a gaban manya, ya dawo gida ciwo ya kama shi, kwana 11 ya ce ga garinku. Ka faɗa wa Baba Ƙarami wannan, shi da yake zama ɗaurin aure tun safe har azahar ba ya motsi. Kefla kuwa kafin magada su farga ya rungume littattafan awon gaba ɗaya, shi da kansa ya amsa ya yi hakan, surukin Taiko ya yi ta jan sa da rigima shekaru. Sarki Rudolf na biyu ya naɗa shi masanin lissafin fada a madadin mamacin.

Yanzu ga inda abin ya taɓa ni. Aikin da aka ba shi Mirrihi ne, wato Mars, wadda tafiyarta ta gagari kowa. Ya cika baki ya ce kwana takwas ya gama da ita. Sai da ta ci masa shekaru wajen shida. Tun zamanin Girkawa, kusan shekara 2000, kowa ya yarda duk abin da ke yawo a sama a cikakkiyar da'ira yake yawo, har masanin taurari Kofanikus (Copernicus) da ya ce rana ce a tsakiya bai taɓa da'irar ba, ƙananan da'irori ya ƙara a kan manya don lissafi ya fita. Kefla ma da'ira ya sa a gaba. Ba kalkuleta ba komai, alƙalami da takarda, ya zaɓi lambobi ya yi ta ninkawa da rabawa shafi bayan shafi in bai fita ba ya canza ya sake daga farko, a littafin ma ya ce wa mai karatu in ka gaji da bin wannan lissafin to ka tausaya min ni da na maimaita shi sau 70 ko fi. A ƙarshe ya samu da'irar da ta dace da awon Taiko har ba a ganin bambanci. Da ni ne ranar zan yanka rago. Shi sai ya ɗauko wasu awon daban da bai yi amfani da su ba ya gwada, abu ya ƙi, ya gyara nan can ya ɓalle, tazarar da ta rage minti takwas.

Ba mintin agogo ba fa. Digiri ɗaya ka raba shi 60, kowane kashi shi ne minti. Wata ɗan daren sha huɗu faɗinsa a sama kamar minti 30 ne, ka ga takwas kusan rubu'in fuskar wata kenan, in ka miƙa hannu ƙwayar gero ma ta rufe shi. Masanan da can awonsu kan kauce da minti 10 ba wanda ya damu, da ya yi shiru ba mahaluƙin da zai kama shi a zamaninsa. Amma ya ce Taiko ba ya kuskuren minti takwas, iyakarsa biyu, tunda Allah ya ba mu mai awo irin wannan bai kamata mu yi kamar ba mu gani ba. Ya tattara aikin shekaru ya ajiye gefe. Na karanta wurin nan misalin ƙarfe biyu na dare, na rufe littafin na buɗe kwamfuta na zuba wa layuka bakwai ɗin nan ido, wallahi ji na yi kamar an kama ni da hannu a tukunya.

Kuma bayan ya jefar da da'irar ba wai nan take haske ya zo ba, ya ɓata lokaci mai yawa yana gwada siffar ƙwai, mai kai ɗaya siriri, ita ma ta ƙi. Sai wajen 1605 ya gane elifs ce. Ga yadda za ka nuna wa yaranka, kar ka zana a allo, fitar da su fili. Akuya da turke ɗaya in ta ja igiya ta zagaya da'ira take yi ko? To kafa turke biyu, ka ɗaure bakin igiya ɗaya a wannan ɗaya bakin a wancan ta yi sako-sako, ka sa tsinke a cikin igiyar ka ja ta miƙe ka zagaya kana zane a ƙasa. Abin da ya fito shi ne hanyar Mirrihi, rana tana kan turke ɗaya, ɗaya turken ba kowa a kai, dokarsa ta farko kenan. Ta biyun kuma, in ta matso kusa da rana sai ta ƙara gudu in ta yi nisa ta rage, amma filin da igiyar tsakaninta da rana ta share a kwana 30 daidai yake ko'ina, kamar yankan kankana, wani gajere mai faɗi wani dogo siriri amma nauyi ɗaya. Ya buga su 1609. Abin da zai rikita maka yara shi ne mu ma haka muke, farkon Janairu lokacin da kuke jin ɗumin wuta da hunturu lokacin duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147, a Yuli kuma 152. Ka bar su su yi ta gardama kafin ka faɗa musu karkatar duniya ce ke kawo sanyi ba nisa ba.

Af, kafin na manta, da gaske ne Ustaz ya fasa auren? Matar yayana ce ta ɗan tsegunta min a waya ba ta ƙarasa ba kati ya ƙare. In haka ne wannan na uku kenan fa. Ka gaya masa yana da ɗan'uwa a nan, don Kefla da matarsa ta fari ta rasu 1611, shekarar da agana ta kashe masa ɗa ɗan shekara shida, ya dawo Linz 1612 ya zauna ya jera mata 11 yana auna su ɗaya bayan ɗaya kusan shekara biyu, wannan ta tsufa wannan ta yi yarinya wannan uwarta ce matsala. Zuciyarsa na kan ta biyar, Susanna, abokai suka ce marainiya ce ba ta da asali ba ta da dukiya ya nemi ta huɗu, ya koma wajen ta huɗu ta ce ta gaji da jira. Ya zagaya ya zagaya ya dawo kan ta biyar ɗin dai ya aura 1613. Kuma ka ƙara wa Ustaz da cewa a wannan karon yana da gaskiya a maganarsa ta kullum ta "mu muka fara", don aikin da Kefla ya yi a kan gani 1604, inda ya nuna hoto a kife yake sauka a bayan ido, a kan harsashin malamin Musulmi Ibnul Haisam ya ɗora shi. Sai dai kar ka bari ya ja zancen ya kai ku Andalus, ba za ku tashi ba sai isha.

Shekarar auren nan ma wani abu ya faru da zai burge ka kai ɗan gidan masu awo. Ya sayi gangunan giya na gida, mai sayarwa ya zo ya zura sanda ta ramin ganga a karkace ya karanta ya faɗi kuɗi, kamar yadda ake zura sanda a tankin gidan mai. Kefla ya ce ya za a yi sanda ɗaya ta auna ganga mai tumbi da siririya? Maimakon ya yi ciniki ya wuce sai ya zauna ya yanyanka ganga a lissafi faifai-faifai sirara ya tara, ya fitar da littafi guda 1615, wanda yana cikin kakannin kalkulas ɗin da ya kayar da mu a shekarar farko. Ya kuma gano gangunan Ostiriya yadda ake ƙera su sandar ba ta cuta sosai. Mai giya dai ya sha.

Wurin da na kasa karantawa a zama ɗaya shi ne na uwarsa. 1615 wata maƙwabciya ta ce tsohuwar ta ba ta abin sha ta kamu da ciwo, shikenan gari ya ɗauka mayya ce, kowa ya tuno saniyarsa da ta mutu da ɗansa da ya yi zazzaɓi. Tsohuwa ce mai haɗa magungunan gargajiya ga baki ba ta barin ta kwana, ka san irin su. 1620 aka kama ta tana da shekara 70 da ɗoriya, wata 14 tana ɗaure da sarƙa, har cikin hujjojin da aka kafa mata wai ba ta yi kuka ba a gaban alƙalai. Masanin lissafin sarki guda ya ajiye komai ya tafi ya tsaya mata, ya bi zargin ɗaya bayan ɗaya yana nuna ciwon kowa da dalilinsa na zahiri. Aka kai ta ɗakin azaba aka nuna mata kayan aikin ɗaya ɗaya a ce ta amsa, ta ce ko za su zare mata jijiya ɗaya bayan ɗaya ba ta da abin amsawa. Aka sake ta 1621, bayan wata shida ta rasu. Dogo na tuna tsohuwar bayan masallacin nan da muke jifan ƙofarta muna gudu, ko sunanta na gaskiya ba mu sani ba, ita ba ta da ɗan da zai tsaya mata. Tana nan kuwa? In tana nan don Allah ka kai mata wani abu ka ce daga ni, zan turo maka.

Kuma a tsakiyar wannan masifar ne fa, Mayu 1618, a garin nan da nake zaune, ya gano doka ta ukun, wadda ta haɗa tsawon shekarar kowace duniya da nisanta daga rana. Ɗauko wayarka ka gwada. Mirrihi tana zagaye rana a shekara 1.881, nisanta 1.524 in ka ɗauki namu a matsayin 1. Ninka na farkon da kansa, na biyun kuma ka yi 1.524 × 1.524 × 1.524, duka 3.54 za ka gani. Mushtari, wato Jupiter, shekara 11.86 nisa 5.2, duka suna faɗawa wajen 140 da ɗan kai. Ni dai duk sanda na yi sai tsigar jikina ta tashi. A watan ne kuma aka jefo wakilan sarki ta taga a Prague yaƙin shekara 30 ya ɓarke.

Ƙarshensa kuwa kai da ni mun san shi tun kafin mu karanta. Albashi a takarda mai kyau, a hannu babu. Sarakuna uku ya yi wa aiki ana ce masa je ka baitulmalin gari kaza za a ba ka, ya je a ce ba kuɗi, har babban jadawalin taurarin da ya buga a Ulm 1627 da aljihunsa ya biya. Ariyas ɗinsa ya kai kusan gulden 12,000, kuɗinsu na lokacin. Wajen ƙarshen 1630 ya hau wani ramammen doki cikin sanyi ya nufi Regensburg inda manya ke taro, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu ranar 15 ga Nuwamba yana da shekara 58, bayan 'yan shekaru yaƙi ya bi ta kan maƙabartar yau ba wanda ya san kabarinsa. Shekara guda da rasuwarsa, 7 ga Nuwamba 1631, Uɗaridu, wato Mercury, ta gifta ta gaban rana a ranar da ya rubuta, wani Bafaranshe Gassendi ya gani a Paris. Mu ma nan alawus ɗinmu wata takwas kenan shiru, kullum "fayil yana kan tebur", har na fara wankin kwanuka a wani gidan abinci ranar Juma'a da Asabar da dare, kar ka faɗa wa Hajiyata, ita a saninta ina ofis mai hita.

Toh na cire launin tokar. Jiya na tura wa supabaiza saƙo na ce ina son ganinta Litinin ƙarfe goma akwai rijiyoyi bakwai da ban faɗa mata gaskiyarsu ba, ta amso da kalma ɗaya tal, "to", tun jiya nake juya kalmar nan ina neman fushi a ciki. Zargina akwai laka ko wani dutse a ƙasan yankin da na ɗauka yashi ne duka, in haka ne babi biyu sun tafi kuma zuwana gida da Babbar Sallah ya zama sai dai wata shekarar. Shi ya sa zan roƙe ka, in na turo maka sunayen ƙauyukan za ka iya komawa ka sake auna min bakwai ɗin kafin ruwa ya sauka, ka kuma tambayi masu haƙar me suka tarar a ƙasa? Kuɗin mai a kaina, taya ma a kaina wannan karon.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka gaida amarya in har yanzu ana ce mata amarya, da 'yan majalisar bakin shago duka banda mai bina dubu biyu. In wani zai taho ka saka min yaji da kuka, daddawar a nannaɗe ta leda uku don wancan karon kunya na sha a filin jirgi. Ka sa ni a addu'a ranar Litinin.

Naka,
Gajere